Gyaran Malam Ɗantani

Ranar da na dawo Wudil daga Jamus, gidanmu na Sabon Gari ya cika da mata, kowace baki yana yi mini sannu da zuwa, ido yana kan akwati. Na raba sabulu da turare da 'yan gyale, aka yi godiya sama-sama. Can sai Goggo Hansai, ƙanwar Baba, ta hango wani ƙaramin akwatin roba da na rungume tun daga mota ban yarda kowa ya karɓa ba. Ta rantse zinariya ce. Da na buɗe ta leƙa, ta ga ɗan gilashi bai kai kwalin ashana ba, da wata roba garai-garai manne a kansa, sai ta taɓe baki.

"Juwairiyya, yanzu a kan wannan kika yi shekara huɗu a cikin sanyi?"

A kansa ɗin ne kuwa. Cikin robar nan akwai hanyoyin ruwa guda uku, kowace ba ta kai kaurin gashin kai ba. Suna tafiya su haɗu a gefen gilashin, inda aka dasa wani ɗan bututu da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Ba hannu ya ƙera bututun ba. Wani inji ne ya gina shi da hasken leza: a ɗiga ruwan danƙo, hasken ya bi ta ciki yana daskarar da shi ɗigo-ɗigo, hawa kan hawa, kamar yadda zanzaro ke ginin ɗakinsa, har bututu ya tashi a cikin bututu, su kuma a cikin na uku. Idan aka tura magani ta hanya ɗaya, narkakken siliki ta biyu, ruwan da ke sandarar da silikin ta uku, sai zare ya fito mai rami a tsakiya, da magani a cikin ramin. Da irinsa ake so a saƙa abin rufe gyambo, wanda zai riƙa sakin magani a hankali. Abin da ni na ƙara shi ne silikin ya zama namu, na tsamiya, wanda tsutsa ke yi a jikin bishiya, wanda Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinka aska takwas da shi a ƙirjin manyan riguna.

Mataki ɗaya ya rage mini in sami digirin dakta: in nuna cewa bututun nan ya kaɗa zaren tsamiya mai tsawo, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Ana cikin haka Inna ta rasu, hawan jinin ido kuma ya ƙarasa cinye abin da ya rage na ganin Baba. Yayana Muhyiddeen yana Fatakwal da iyali da aikin da ba a bari. To wa ya rage? Farfesar da ke duba aikina dattijuwa ce mai kirki, tana dab da ritaya. Ta ba ni aron ƙaramin famfo da wani tsohon madubin ƙara girma, ta ce in je gida in ƙarasa, amma in turo sakamako kafin ƙarshen Satumba, domin daga ranar da ta ajiye aiki babu mai riƙe sunana a wurin. Injin lezar kuwa tuni an kwance shi an kai wani gari. Cikin duk bututun da na gina, guda ɗaya tak ya fito yadda ake so, shi ne na rungumo.

A ɗakin Inna na kafa aikin. Na haɗa sola da batir, na like taga da leda, na hana Goggo kawo kaskon turaren wuta ko kusa da ƙofa, abin da har yau ba ta yafe mini ba. Tireloli masu wucewa a babban titi suna girgiza tebur, sai na sa aka kawo mini yashi daga bakin kogi, na dasa ƙafafun teburin a cikin bokitai. Duk wanda ya leƙo sai ya fita yana girgiza kai. Na san abin da ake faɗa a unguwa: ga 'yar Malam Ɗantani can, an tura ta karatu ta dawo tana wasan ƙasa a ɗakin uwarta. Ban damu ba, ko in ce na damu amma ba ni da lokacin nunawa.

Wanda bai taɓa yi mini dariya ba shi ne Baba. Shi ya aika garin Darki aka nemo mini gidajen tsutsar tsamiya wurin wani tsohon abokin cinikinsa. Da safe zai sa a shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofata, ya jingina da bango yana sauraren ƙarar famfo, hannayensa a kan gwiwa suna motsi kamar har yanzu akwai riga a cinyarsa. A da zauren gidanmu ba ya rabo da yaran ɗinki. Injin ɗinki na kwamfuta ya zo ya kwashe rabi, makanta ta kwashe sauran. Abin da ya rage masa shi ne ƙaramin gwangwanin alluransa, wanda yake cikin aljihu kullum, da kalma ɗaya da kowa ke yi masa sadaka da ita. Ya miƙa hannu zai ɓare gyaɗa, Goggo ta ce, "Zauna abinka, Yaya." Ya tashi zai ɗauko buta, ni ma in ce, "Zauna, Baba." Mutumin da ya ciyar da gida da yatsa goma, muka mayar da shi abin zaunarwa, muna ganin tausayi muke yi.

Sunan mahaifiyarsa na ci, saboda haka Uwata yake ce mini. Wata rana ya ce, "Uwata, wai abin nan naki, ba a ba makaho ya taɓa?"

Ina da wani lalatacce da nake nuna wa baƙi, sai na ɗora masa a tafin hannu. Ya bi shi da ɗan yatsa a hankali, ya zagaye gefe, har farcensa ya tsaya a kan 'yar tsagar da ke baki.

"Nan zaren ke fitowa?"

"Nan ne, Baba. Amma bututun yana can ciki, ya fi gashi siranta."

"Allah mai iko," in ji shi. Ya daɗe yana juya shi kafin ya miƙo mini.

Da yamma Goggo kan raka shi majalisarsu a ƙofar shagon Alhaji Nu'uman, abokinsa tun na yarinta, mutum mai bakin tsiya. Kullum tambayar ɗaya ce: "Ɗantani, zaren Jamus ya fito kuwa, ko har yanzu yana hanya?" Baba ya yi dariya ya ce gobe, ya dawo gida ya ba ni labari yana dariya. Na san dariyar, irin wadda ake yi ce don kada a ga ciwo.

Damina ta yi nisa ina fama. Silikin ya yi kauri ya ƙi tafiya, ya yi ruwa ya ƙi kamawa, zafi ya lalata wanda na dafa, in sake dafa wani. Na rame har Goggo ta fara yi mini maganar rubutu. Sai wata Laraba da azahar, ana tsakiyar Satumba, na leƙa madubi na ga abin da na yi shekaru ina gani a mafarki: zare yana fitowa daga bakin bututun, siriri, santala, da layin magani a tsakiyarsa bai karkace ba. Na kasa ko kiran Baba, ina tsoron numfashina ya tsinka shi. Abin da nake bukata kawai famfon ya ci gaba da aiki har yamma.

An kwana biyu rana ba ta leƙo ba, wutar gari kuma ta yi ɓatan dabo tun farkon mako. Batir ya yi ƙara sau ɗaya ya mutu. Famfo ya tsaya. Kafin in zare sirinji in tura ruwa da hannu, silikin da ke cikin bututun ya riga ya sandare, ya toshe shi ruf.

Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna. Baba yana bakin ƙofa yana ji.

"Uwata, me ya faru?"

"Ya toshe, Baba. Silikin ya bushe a cikin ramin."

"Ba a buɗewa?"

"Ana buɗewa. Akwai wani gishiri da ke narkar da siliki, sai a jiƙa shi a ciki ya kwana biyu. Nawa ya ƙare, sai na shiga Kano wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaji."

"Kwana biyu," ya ce, "a kan toshiya." 

Lokaci yana nan, da ƙyar dai amma yana nan. Na yi ta buga waya har na sami mai gishirin, ya ce in zo Juma'a. Ranar Juma'ar da safe na sa gilashin a ɗan kwano mai murfi, na zuba masa ruwa mai tsabta don kada ya ƙara bushewa. Na ja Goggo gefe na ce kada kowa ya shiga ɗakin. Goggo ana iya gaya mata haka. Baba fa? A gidanmu 'ya ba ta kafa wa ubanta doka. Na ɗauko kwaɗo, na tsaya a bakin ƙofa da shi a hannu. Baba yana zaune a tabarmarsa, tsakanina da shi bai fi taku ɗaya ba, kuma kunnen makaho ba ya barin komai ya wuce. Ɗakin matarsa ne, a cikin gidansa. Da na datse kwaɗon nan, da ya ji ƙarar, kuma da ya san wa aka rufe wa. Na mayar da shi cikin jaka, na durƙusa na ce na tafi, ya sa mini albarka.

Juma'a ranar kasuwar Wudil ce, kuma duk wanda ya taɓa ƙetare gada ranar ya san abin da nake nufi. Motocin shanu sun cushe hanya, muka yi ta jan ciki. A Kano mai gishirin ya tafi masallaci, na jira shi ya dawo, ya ci abinci, ya nemo mabuɗin sito. Duk da haka da na karɓi kwalbar sai na ji zuciyata ta yi sanyi. Rana ma ta fito, na san batir yana sha. A mota har na fara tsara yadda zan rubuta wa Farfesa.

Bayan la'asar na iso. Tun daga zaure na ga abin da ya ba ni mamaki: Baba a tsaye a tsakar gida, da farar rigarsa ta Juma'a bai cire ba, fuskarsa a sake yadda rabona da ganinta tun Inna tana da rai.

"Uwata ce? Sannu da hanya, sannu. Ya Kanon? Ya cunkoso? Kin same su lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Na same ku lafiya? Ya jiki?"

"Jiki alhamdulillahi. Ajiye kwalbar nan, kin sha wahalar banza. An gama."

Na dubi Goggo. Tana tsugune a bakin murhu tana hura wutar da ta riga ta kama.

"Me aka gama, Baba?"

"Toshiyar mana. Na ce yarinyar nan kuka take, ni kuma ina zaune kamar turmi. Shekara nawa ina buɗe idon allura in ya cushe da kaki? Na sa Hansai ta miƙo mini kwanon."

"Yaya ne ya ce in miƙo," in ji Goggo, ba ta ɗago ba. "Na ce kin hana, ya ce shi ba ki hana shi ba."

Gaskiya ya faɗa, ban hana shi ba.

"Kada ki ji tsoro, ban yi garaje ba," Baba ya ci gaba, yana nuna mini da yatsu a iska. "Sai da na wanke hannu tas. Na zaɓi 'yar siririyar nan, wadda ba na ba kowa aro, na goga mata kakin zuma don ta shige ba gardama. Na yi bismilla, na nemo tsagar da kika nuna mini. Da farko ya ƙi. Na bi shi a hankali, a hankali, sai na ji dattin ya ce ƙas. Na ƙara turawa kaɗan, ya sake cewa ƙas. Daga nan allura ta wuce sumul. Ashe datti biyu ne a ciki, shi ya sa ya gagare ki."

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ɗakin ba. Na ɗora gilashin a ƙarƙashin madubi, na leƙa. Bututun ciki guda biyu, waɗanda na shafe shekara ina gyara zanensu kafin injin ya yarda ya gina su daidai, sun zama tarkace kamar ɓawon ƙwai da aka taka. Na wajen ya tsage gida biyu. A inda suke a da, wani rami ne ya miƙe ɗoɗar, faffaɗa, mai santsi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kyan aikin. Allurar ba ta kauce ko kaɗan ba, tsakiyar ta bi daidai, mutum ba ya gani, a cikin abin da masu ido ma ba sa gani. Da hannunsa ya lalace kamar idonsa, da robar gefe kawai zai huda, in liƙe ta in ci gaba.

Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Babu wani gishiri da zai gyara wannan. Babu inji, babu bizar komawa, Farfesa kuma kwanakinta a ofis sun kusa ƙarewa. Na yi tunanin in kira ta, sai na rasa abin da zan roƙa, domin abin da za ta iya yi mini ta riga ta yi. Shekara huɗu na sanyi da kaɗaici, jana'izar Inna da ban samu ba saboda ina can ina gadin wannan abu, duk ga su nan a ƙarƙashin madubi. Haushi ya kama ni, na so in fita in yi ihu, in tambaye shi wa ya aike shi. Kuma na san amsar, mu muka aike shi, ni da Goggo da duk wanda ya taɓa ce masa ya zauna.

"Uwata?" Muryarsa ce daga bakin ƙofa. Ya laluba ya zo har nan, bai shigo ba. "Kin duba? Ya buɗe?"

Na buɗe baki. Maganar tana nan a shirye, gajeriya ce, kuma gaskiya ce. Na juya na dube shi. Ya dafa ƙyauren da hannu ɗaya, ya karkato da kunne wajena, kamar yaron da ya kai allo wurin malam yana jiran a ce ya iya.

"Ya buɗe, Baba."

"Alhamdulillahi! To kunna mana mu ji."

Na kunna. Ban san dalili ba, wataƙila don hannuna ya sami abin yi. Akwai sauran narkakken siliki a kular ƙanƙara, na ɗura a sirinji, na haɗa tiyo, famfo ya fara ƙararsa. Ba a jima ba wani abu ya fara fitowa daga ramin, mai kauri, fari-fari, maganin ya cakuɗe da silikin, yana murɗewa a cikin kwano kamar taliya. Ko ba madubi kowa zai gan shi. Zaren da nake nema, ko a tafin hannu aka ɗora wa mutum ba zai san an ɗora ba.

"Yana fitowa?"

"Yana fitowa."

"Miƙo in ji."

Na ɗauko shi da hantsaki, na ɗauraye, na ɗora masa a yatsa. Ya murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya ja shi kaɗan, ya kai leɓe ya taɓa, yadda yake gwada zare tun kafin a haife ni. Sai na ga hawaye yana bin kumatunsa yana shiga gemu.

"Da ɗan kauri," ya ce, "kuma bai gama ƙwari ba. Amma zare ne, wallahi zare ne. Tsamiya ce wannan, na san ta. Hansai! Zo ki ga abin da muka yi."

Goggo ta zo ta tsaya. Ta dubi zaren, ta dubi fuskata, kuma a nan na san ta gane. Ta sa gefen zane ta rufe baki, ta ce masha Allah da wata murya da ba tata ba.

Baba ya naɗe zaren a yatsa da kulawa, ya ce a ɗauko masa sanda, yau Nu'uman zai san zaren Jamus ya iso. Goggo ta kama hannunsa suka nufi zaure. Ni ina tsaye a tsakiyar ɗakin Inna, famfo yana ta tura abin da ba shi da amfani a cikin kwano, na kasa miƙa hannu in kashe. Har sun kai bakin zaure sai na ji ya tsaya, ya juyo.

"Uwata!"

"Na'am, Baba."

"In ya sake toshewa, kada ki wahalar da kanki zuwa Kano, kin ji ko? Ki kawo mini kawai. Ina nan."

Na ce to.